Tuƙin mota mai jan baya a kan dusar ƙanƙara

A duk shekara, ranar da dusar ƙanƙara ta farko ta kwanta a kan titunan biranen Jamus ko Birtaniya ko arewacin Amurka, akan ga abu guda yana maimaita kansa. Manyan motoci masu tsada irin su Marsandi da BMW kan cije a gindin ɗan tudun da bai taka kara ya karya ba, ƙafafunsu na baya suna ta juyawa a wuri ɗaya, yayin da ƙananan motocin da kuɗinsu bai kai rabin nasu ba suke wucewa ta gefensu salin-alin.

Wannan ne ya jawo wa motoci masu jan baya baƙin suna a ƙasashen da ake hunturu mai tsanani, har wasu kan kulle nasu a gareji sai bazara. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin zargin, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ƙasashen da suka fi kowa sanyi sun shafe shekaru aru-aru suna zirga-zirga da irin waɗannan motoci. Volvo 240, wadda aka ƙera a Suwidin daga 1974 zuwa 1993, mai jan baya ce. Haka ma Lada ta Rasha, wadda aka fara ƙerawa a 1970 aka kuma ci gaba da fitar da jikokinta har 2012, da Ford Crown Victoria da 'yan sandan Amurka da Kanada da direbobin tasi suka yi ta amfani da ita har aka daina ƙera ta a 2011. Raunin waɗannan motoci yana bayyana ne a wurare biyu, wato wajen tashi da kuma wajen shan kwana. Wajen tsayawa kuwa, ba su da bambanci da sauran motoci, domin a can taya ce ke yanke hukunci.

Mece ce mota mai jan baya?

Ita ce motar da injinta ke aika ƙarfinsa ga ƙafafun baya, su kuma na gaba aikinsu bin umarnin sitiyari kawai. A mafi yawansu injin yana gaba, sai farfela ta ɗauki juyinsa ta bi ta ƙarƙashin motar ta kai shi baya. A haƙiƙa tura motar ake yi, kamar yadda ɗan ga-ruwa ke tura kurarsa, saɓanin mai jan gaba da ake janta kamar yadda shanu ke jan amalanke.

Da haka aka fara ƙera yawancin motoci. Jan gaba ya soma samun karɓuwa ne da Citroën Traction Avant ta Faransa a 1934, da kuma Mini ta Birtaniya a 1959, kana ya mamaye kasuwar ƙananan motoci daga shekarun 1970 zuwa 1980 saboda ya fi arha wajen ƙira kuma yana barin fili a cikin mota. Jan baya ya tsira a manyan motocin alfarma, da motocin tsere, da a-kori-kura da manyan motocin ɗaukar kaya. Direbobin Najeriya da Nijar ba baƙinsa ba ne, domin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna da ƙanwarta 505 duk masu jan baya ne. Wanda ya taɓa ganin yadda bayan Fijo ke wutsil-wutsil a kan laka da damina ya riga ya ga rabin abin da ƙanƙara ke yi, sai dai ita ƙanƙara ta fi laka santsi nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ido ba ya ganinta.

Tafin hannu huɗu

Duk girman mota, abin da ke haɗa ta da ƙasa shi ne wurare huɗu da faɗin kowannensu bai wuce tafin hannu ba. Ta nan take tashi, ta nan take juyawa, ta nan kuma take tsayawa. A kan busasshiyar kwalta roba na kama ƙasa sosai. A kan dusar ƙanƙarar da motoci suka tattake, wannan kamu yakan ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu, a kan tsurar ƙanƙara kuwa zuwa kashi ɗaya cikin takwas ko ma cikin goma.

Lissafin abin da hakan ke nufi ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana buƙatar kimanin mita 12 ko 13 kafin birki ya tsayar da ita a kan busasshen titi. A kan tattakakkiyar dusar ƙanƙara tazarar kan kai mita 40 zuwa 50, a kan ƙanƙara kuma ta doshi mita 100, wato kusan tsawon filin ƙwallon ƙafa. Wannan bai haɗa da mita 14 da motar ke ci a duk daƙiƙa guda kafin ƙafar direba ta isa kan birki ba. Kundin ƙa'idojin hanya na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa tazarar tsayawa na iya ninkawa har sau goma.

Abin mamaki shi ne ba tsananin sanyi ne ya fi haɗari ba. Ƙanƙarar da ke dab da narkewa, wato a kusa da sifili a ma'aunin Salshiyos, tana ɗauke da ɗan ruwa-ruwa a samanta, kuma ta fi wadda ta daskare a digiri 20 ƙasa da sifili santsi. Mafi muni ita ce wadda ake kira baƙar ƙanƙara, wani siririn shimfiɗi mai kama da gilashi da ke samuwa idan yayyafi ko raɓa suka daskare a kan kwalta, ta yadda direba zai ɗauka titin jiƙewa kawai ya yi. Gadoji ne ke fara daskarewa, saboda iska mai sanyi na ratsa su ta sama da ta ƙasa. A ranar 11 ga watan Fabrairun 2021, a kan wani ɓangare na babbar hanyar da aka ɗaga sama a birnin Fort Worth na jihar Texas, motoci kimanin 130 suka yi karo da juna da asuba sakamakon irin wannan ƙanƙara, mutane shida suka rasa rayukansu. A cikinsu akwai masu jan gaba da masu jan baya da masu jan ƙafa huɗu da tireloli, kuma babu wadda tsarin injinta ya cece ta.

Matsalar tashi

Ƙarfin da taya za ta iya tura mota da shi ya danganta ne da nauyin da ke danne ta. A mota mai jan gaba, injin da giya suna zaune ne a kan ƙafafun da ke aikin, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin motar yana kansu. A mai jan baya nauyin ya kasu kusan raba-daidai, wanda abin alfahari ne a kan busasshen titi, amma a kan ƙanƙara yana nufin ƙafafun da ke turawa ba su da isasshen abin da zai danne su. A-kori-kurar da ba ta ɗauki kaya ba ita ce ta fi shan wahala, domin bayanta fayau yake.

A kan kwalta mota mai jan baya tana da wata dabarar da ke cike wannan giɓi: da zarar ta zabura, nauyinta yakan koma baya ya danne ƙafafun da ke turawa. A kan ƙanƙara kuwa babu zaburar da za ta kawo wannan taimako. Daɗin daɗawa, na'urar da ke raba juyin injin tsakanin ƙafar hagu da ta dama, wadda makanikai ke kira dif, a yawancin motoci takan saki ƙafar da ta fi samun santsi ta yi ta juyawa, ɗayar kuma ta tsaya cik. Shi ya sa akan ga mota ta kafe alhali ƙafarta guda tana kan wuri mai kyau. Wasu motocin suna da irin dif ɗin da ke taƙaita wannan zamewa, sai dai shi ma yana da nasa sharrin, domin idan ƙafafun biyu suka kwance a lokaci guda babu sauran abin da ke riƙe bayan motar daga sulalewa gefe.

Cewa nauyi ne tushen matsalar, ba jan bayan kansa ba, Volkswagen Beetle ta isa shaida. Mai jan baya ce, amma injinta a baya yake, kuma ta yi suna wajen ratsa dusar ƙanƙara, har kamfanin ya gina wani shahararren tallan talabijin a kan haka a Amurka cikin shekarun 1960.

Daga nan ne tsohuwar al'adar sanya buhunan yashi a but ta samo asali. Tana aiki, amma da sharaɗi. Wajibi ne nauyin ya zauna daidai saman ƙafafun baya, wato can ciki kusa da bayan kujera, a kuma ɗaure shi tamau. Idan aka ajiye shi a bakin but, bayan ƙafafun, yakan sauƙaƙa gaban motar ya rage wa sitiyari ƙarfi, kana idan bayan ya fara zamewa nauyin ya ƙara masa ƙarfin lilo. Buhu biyu ko uku sun wadatar ga ƙaramar mota. Yashin yana da wani amfanin na biyu, domin ana iya farke buhun a barbaɗa shi a gaban tayoyin da suka kafe.

Wajen tashin kansa, ƙa'idar ita ce a ba ƙafafun ƙarfi kaɗan-kaɗan. Masu giyar hannu kan tashi da giya ta biyu, suna sakin kuloci a hankali ba tare da taka totur sosai ba. Motoci da yawa masu canza giya da kansu suna da maɓallin hunturu da ke yin wannan aiki. Tayar da ke juyawa a wuri ɗaya ba ta haifar da komai sai goge dusar da ke ƙarƙashinta ta mayar da ita ƙanƙara mai sheƙi, don haka ƙara wuta ƙara kafewa ne. Tudu kuma tun daga ƙasa ake shirya masa: a jira motar da ke gaba ta kai sama, a taho da ɗan gudu matsakaici, a hau da giya ɗaya ba tare da tsayawa ko canzawa a tsakiya ba.

Idan motar ta nutse a dusa mai zurfi, akan share gaban ƙafafu da bayansu da shebur, sannan a riƙa yin gaba kaɗan baya kaɗan har ta fita. Wanda ya kasa fita ya zauna jiran taimako da injin a kunne don samun ɗumi, lallai ne ya riƙa fitowa yana share bakin salansa. Idan dusa ta toshe shi, hayaƙin da ba shi da wari ko launi yakan koma cikin motar, kuma kusan duk babbar guguwar hunturu a Amurka da Kanada takan bar labarin waɗanda suka mutu ta wannan hanya.

Idan baya ya zame

A nan ne bambancin da ya fi muhimmanci yake. Kamun da taya ke yi wa ƙasa kamar guzuri ne ƙayyadadde, wanda za a iya kashe shi wajen tura mota gaba ko wajen hana ta sulalewa gefe, amma abin da aka kashe a ɗaya an rage shi ke nan daga ɗayan. A kan ƙanƙara guzurin ɗan kaɗan ne. Direban da ya taka totur yana tsakiyar kwana ya cinye rabon da ƙafafun da ke turawa suke riƙe motar da shi.

A mai jan gaba, ƙafafun gaba ne ke kwancewa, sai motar ta ƙi bin sitiyari ta miƙe. Abin tsoro ne, amma abin da firgici ke sa mutum ya yi, wato ɗaga ƙafa daga totur, shi ne kuma maganinsa. A mai jan baya kuwa, baya ne ke ficewa ya nufi wajen kwanar, hancin motar ya juya ciki, idan ba a yi wani abu ba cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ta juya gaba ɗaya ta fuskanci inda ta fito. Maganin wannan ba ya zuwa wa mutum da kansa, sai an koya.

Abin da masu koyar da tuƙi a ƙasashen arewacin Turai ke faɗa bai da yawa. Direba ya kafa idonsa a inda yake son zuwa, ba a kan bishiya ko motar da yake tsoron bugawa ba, domin hannu ido yake bi. Ya sassauta totur, idan mai giyar hannu ce ya taka kuloci don ƙafafun baya su huta da turi su koma riƙe motar. Ya juya sitiyari da sauri zuwa ɓangaren da bayan ya nufa: idan ya zame dama, sitiyari dama. Kada ya taɓa birkin hannu.

Kashi na biyu na aikin ya fi na farko wuya, kuma a nan ne akasari ake faɗuwa. Da zarar ƙafafun baya sun sake kama ƙasa, motar za ta bi inda ƙafafun gaba suke kallo nan take. Idan direba ya yi jinkirin miƙar da sitiyari, bayan yakan wulwulo zuwa ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko, kuma wannan zamewa ta biyu ce ke jefa motoci da dama cikin hannun masu tahowa.

Akwai kuma tarkon da ya keɓanta da jan baya a kan gangara. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sauko da ƙaramar giya don injin ya riƙe motar. Shawara ce mai kyau matuƙar an shiga giyar tun kafin a fara gangarowa. Wanda ya sauke giya a tsakiyar gangara ya saki kuloci farat ɗaya, injin zai riƙe ƙafafun baya kaɗai, tamkar an ja birkin hannu, bayan kuma ya nemi wuce gaban. Saboda makamancin wannan dalili ne ake hana amfani da na'urar da ke riƙe wa direba gudu ɗaya a doguwar tafiya, domin idan ƙafafun suka hau ƙanƙara tana iya ƙara wuta a daidai lokacin da ya kamata a rage.

Masu tseren motoci sun nuna cewa duk wannan abu ne da hannu ke iya sarrafawa. Bajamushen nan Walter Röhrl ya lashe gasar Monte Carlo, wadda ake yi a kan tsaunuka cikin watan Janairu, a 1980 da 1982 da 1983 da motoci masu jan baya, kafin ya sake lashe ta a 1984 da Audi Quattro mai jan ƙafa huɗu. Sai dai shi a rufaffiyar hanya yake, babu mai tahowa daga gaba.

Taya

Da za a tambayi makanike a Helsinki ko Montreal abin da mai mota mai jan baya ya kamata ya fara yi, ba zai yi zancen yashi ko sitiyari ba, tayoyi zai duba. Robar tayar bazara takan fara tauri idan sanyi ya sauko ƙasa da kimanin digiri 7, a kan dusa kuma ba ta da abin kamawa. Tayar hunturu an haɗa ta da roba mai laushin da sanyi ba ya sandarar da ita, zanenta ya fi zurfi, kuma an tsattsaga shi da dubban ƙananan tsagu masu cizon ƙanƙara. Gwaje-gwajen da mujallun motoci da ƙungiyoyin direbobi suka sha yi sun nuna cewa mota mai jan baya da tayoyin hunturu ta fi mai jan ƙafa huɗu da tayoyin bazara saurin tsayawa da iya shan kwana. Jan ƙafa huɗu tashi yake taimakawa. Birki kuwa kowace mota ƙafa huɗu take da shi.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa baƙin sunan ya fi ƙarfi a Birtaniya fiye da Suwidin. A Birtaniya babu dokar da ta tilasta tayoyin hunturu kuma ƙalilan ne ke sayensu, ga shi manyan motoci masu jan baya kan zo da faffaɗan tayoyin bazara, waɗanda ke hawa kan dusa maimakon su yanka ta. A Disamban 2010, wanda ya kasance Disamba mafi sanyi a ƙasar cikin shekaru 100, an yi ta watsi da irin waɗannan motoci a gefen hanya.

A Finlan aka fara ƙera tayar hunturu. Kamfanin da ake kira Nokian a yau ya fitar da ita domin manyan motoci a 1934, sannan domin ƙananan motoci a 1936 da sunan Hakkapeliitta, sunan da har yanzu yake amfani da shi. Tayoyi masu ƙusoshi sun bazu cikin shekarun 1960. A kan tsurar ƙanƙara babu kamarsu, amma suna cin kwalta suna tayar da ƙura mai cutar da huhu. Jamus ta haramta su tun 1975, Japan ta kafa dokar hana su a 1990 bayan ƙorafin mazauna birane irin su Sendai, birnin Oslo kuma yana karɓar haraji daga masu amfani da su. Marasa ƙusoshin ma iri biyu ne: masu laushi sosai da aka yi domin ƙanƙarar arewacin Turai, da masu ɗan tauri da aka yi domin jiƙaƙƙun manyan hanyoyin Jamus da maƙwabtanta.

Kuskuren da masu son tsimi kan yi shi ne sayen guda biyu su sa a baya kawai, tunda can ne ake turi. Motar za ta tashi lafiya lau, amma ƙafafun gaba da ke ɗauke da sitiyari da mafi yawan aikin birki ba su da abin kamawa. Huɗu ake sawa. Sarƙa ce kaɗai ake ɗaura wa ƙafafun baya su biyu, a kan hanyoyin tsaunuka, kuma a Jamus doka ba ta yarda a wuce kilomita 50 a sa'a da ita ba.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Suwidin wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan akwai yanayin hunturu a hanya, kuma zurfin zanen kada ya gaza milimita 3. Finlan tun 2020 ta mayar da nata daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Maris bisa irin wannan sharaɗi, Ostiriya kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu. Lardin Quebec na Kanada ya tilasta su tun 2008, kuma tun 2019 wa'adin ya koma daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Jamus ba ta ƙayyade rana ba. Dokarta ta 2010 cewa ta yi duk wanda ya fito a kan dusa ko ƙanƙara ba tare da tayoyin da suka dace ba zai biya tara, kuma daga Oktoban 2024 tayar da ke ɗauke da alamar tsauni mai kawuna uku da ƙwayar dusa a ciki kaɗai ake amincewa da ita. Jamusawa dai sun saba da nasu ma'aunin, daga watan Oktoba zuwa bikin Ista.

Na'urori da horo

Mota mai jan baya ta yau ba irin ta shekarun 1970 ba ce. Birkin ABS, wanda kamfanin Bosch da Marsandi suka fito da shi a 1978, yana hana ƙafafu kullewa don sitiyari ya ci gaba da aiki. Mai irin wannan birki ya taka shi da ƙarfi ya riƙe, kada karkarwar da zai ji a ƙafarsa ta sa ya saki. Taka-saki, taka-saki na tsofaffin motoci ne marasa shi. A ƙarshen shekarun 1980 aka ƙara na'urar da ke rage wutar injin idan ƙafa ta fara juyawa a banza. Ita ce akan kashe na ɗan lokaci idan ana ƙoƙarin fita daga dusa mai zurfi, a kuma mayar da ita da zarar an hau hanya.

Babban sauyin ya zo ne a 1995 da na'urar ESP, wadda ke auna inda sitiyari ya nufa da inda motar ta nufa, idan suka saɓa ta kama birkin ƙafa guda ɗaya don miƙar da ita, tun kafin direba ya ankara. Da farko ta manyan motocin alfarma ce. Abin da ya yaɗa ta shi ne abin kunyar da ya faru a Suwidin a watan Oktoban 1997, lokacin da sabuwar ƙaramar Marsandi samfurin A ta kife a hannun 'yan jaridar wata mujallar motoci da ke gwada kauce wa dabba a hanya. Kamfanin ya dakatar da sayar da motar ya sanya mata na'urar, sauran kamfanoni suka bi sahu. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano a 2006 cewa tana rage haɗurran mota guda masu kisa da kimanin rabi. Ta zama wajibi ga sabbin motoci a Amurka daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Amma da kamun taya take aiki, inda babu shi ba ta da abin da za ta yi.

A Suwidin da Norwe ba a ba mutum lasisi sai ya yi darasi a kan filin santsi. Tarihin wannan darasi yana da ban sha'awa. A ƙarshen shekarun 1980 wani bincike a Norwe ya gano cewa samarin da aka koya wa dabarun kama motar da ta zame sun fi yin haɗari a kan ƙanƙara, bisa ga dukkan alamu saboda sun fito da yaƙinin cewa sun ƙware. Daga baya aka sauya manufar darasin. Yanzu abin da ake so ɗalibi ya gani da idonsa shi ne yadda ƙarin kilomita 10 kacal a kan gudunsa ke sa ya kasa tsayawa kafin shingen roba da aka jera masa.

Dawowar jan baya

Motoci masu aiki da lantarki sun dawo da tsarin da aka ɗauka ya zama na masu kuɗi kaɗai. Volkswagen ID.3 da ta fito a 2020 mai jan baya ce, haka ma mafi arha daga cikin samfuran Tesla Model 3 da Hyundai Ioniq 5. A 2023 Volvo ma ya koma ga jan baya a wasu motocinsa na lantarki, karo na farko cikin shekaru 25. A Norwe, inda kusan kashi 89 cikin 100 na sabbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, dubban iyalai na tuƙa irinsu a duk hunturu.

Tsohuwar matsalar nauyi ta ragu ainun, domin batir mai nauyin ɗaruruwan kilo yana shimfiɗe a ƙasan motar, injin lantarkin kuma yana zaune a kan ƙafafun baya kamar na Beetle, kana ana iya rage masa ƙarfi cikin ƙiftawar ido fiye da yadda injin fetur ke iyawa. Sai dai sun zo da nasu sabon tarkon. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin yakan riƙe motar don mayar da wuta cikin batir, kuma a mai jan baya ƙafafun baya kaɗai yake riƙewa, kamar dai wanda ya sauke giya a gangara. Na'urorin motar kan sassauta riƙon idan suka ji santsi, amma littattafan jagorar da dama daga cikin waɗannan motoci suna ba da shawarar a rage ƙarfinsa zuwa mataki na ƙasa kafin a fita a ranar da hanya ta daskare.